Abin da Hamma Kabiru Ya Ɗaure

Lokpanta, Jihar Abiya
11 ga Janairu, 2016

Zuwa ga Adda Na'imatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda ta same ku lafiya, ke da Inna. Yaya ƙafar Inna, kumburin ya sauka? Yaya idon? Ki gaishe min da maƙwabcinmu Baba Andrawus da iyalinsa. Ni lafiya lau, sai zazzaɓin kwana biyu da na yi a makon jiya, na sha magani har ƙarshe, ya tafi. Wannan kada ki karanta wa Inna.

Na ba Malam Jatau takardar, direban tirelar da ke kawo shanu daga Mubi zuwa kasuwar nan. Ya ce duk bayan kwana tara ko goma yana dawowa. A ƙauyen da nake bautar ƙasa sai na hau tudun bayan coci nake samun sabis, kuma abin da zan faɗa miki akwai lambobi a ciki, gara ki gan su a rubuce.

Ranar Juma'a na zauna a shagon intanet na kasuwa minti arba'in da ɗaya muna kiran bidiyo. A cikinsu sau uku na ga fuskar Inna, kowanne bai kai daƙiƙa biyar ba, sai hoton ya daskare. Na ƙarshe ya daskare bakinta a buɗe, tana shirin faɗa min wani abu. Na ji ki kina cewa, “Ga shi nan, Inna, ga Mu'azu,” ita kuma tana cewa, “Ina? Ni dai duhu nake gani.” Yau wata goma babu kwana uku rabona da ita, tun ranar da na saka ku mota a tashar Jimeta za ku koma Mubi, ni na tsaya ƙarasa makaranta. Na san a wayarki ba ta ganin komai saboda yanar idon, allon kwamfutar falo ne kawai ya isa ta gane mutum. Don haka dole kwamfutar nan ta yi aiki.

Abin da na lura shi ne wayarki na samun intanet sosai daga rautar yayanmu Hamma Kabiru, akwatin nan da ke saman kabad, amma kwamfutar da ke jone da shi ta kebul tana ja kamar mai ciwon ƙafa. A ƙa'ida kebul ya fi iska sauri. To wani abu ne ba daidai ba. Don Allah ki yi waɗannan, ɗaya bayan ɗaya, kada ki haɗa biyu a rana guda:

Na farko, ki buɗe shafin gwajin gudu da na rubuta adireshinsa a bayan takardar nan, ki gwada a waya, ki gwada a kwamfuta, safe da rana da yamma, kwana uku. Ki rubuta lambar yadda ta fito, kada ki cike ta.

Na biyu, a bayan akwatin akwai ramuka huɗu masu ruwan ɗorawa. Ki cire kebul daga na farko ki saka a na biyu, ki gwada, har na huɗu.

Na uku, ki roƙi Baba Andrawus ya duba kebul ɗin tun daga kai har ƙarshe, ko ɓera ya ci, ko ƙofa ta matse shi. In da hali ya aro wani a gwada.

Na huɗu, ki kashe akwatin minti biyu cif, ki kunna.

Abincin mutanen nan ya fara zama min, amma rannan na yi mafarkin dakkere da nonon kasuwar Mubi, na tashi ina jin haushin kowa.

Ƙaninki,
Mu'azu


Yelwa, Mubi
24 ga Janairu, 2016

Auta,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa ta sauka, ido yana nan yadda ka sani. Na zazzaɓin na tsallake, amma Inna ta ce, “Me ya sa kika yi shiru a nan?” Na ce tawada ce ta ɓaci. Ta ce in gaya wa tawadar ta riƙa kwana a gidan sauro.

Takardarka ta zo tana warin shanu. Inna ta shinshina ta ce aƙalla ta san hanyar gida, ba kamar mai ita ba. Ni dai isarwa na yi.

Ka mayar da ni ɗalibarka, na dawo daga koyar da 'yan aji uku in zo in zauna ina rubuta lamba. Ga su nan. A waya: 2.1, 0.9, 3.4, 1.7, 2.6, 1.1, 3.0, 2.2. A kwamfuta: 0.12, 0.12, 0.12, 0.13, 0.12, 0.12, 0.12, 0.12. Takwas ne ba tara ba, saboda ranar Laraba da yamma an ɗauke wuta, batirin da Baba Andrawus ya haɗa mana kuma akwatin kawai yake ɗauka. Na san za ka ƙirga, shi ya sa na faɗa.

Ramuka huɗu duk na bi, duk 0.12. Baba Andrawus ya zo da tocila ya bi kebul da hannu kamar mai neman ƙwarkwata. Ya ce, “Wannan igiya lafiyansa kalau, amma bari mu kunyata shi.” Ya aro sabo a wurin wani ɗan garinsu Michika mai gyaran kwamfuta, muka saka, 0.12. Ya tsaya ya kalli akwatin ya ce shekara talatin yana aikin wuta bai taɓa ganin abu mai taurin kai irin wannan ba sai surukinsa.

Na huɗun ne ban yi ba. Inna ba ta yarda a kashe shi, ko na minti ɗaya. Ko batirin ya fara kuka sai ta sa an kai caji. Kada ka tambaye ni, ka bar wannan.

Gari yana dawowa a hankali. An buɗe shagunan bakin hanya, masu keke sun cika titi, kasuwar shanu ta fi bara. An saka wa gidanmu sabuwar ƙofa an yi fenti, tunda tsohuwar ka san abin da aka yi mata. Gidan maƙwabtanmu su Vandi har yanzu a kulle. Shingen sojoji suna nan, amma yanzu ba a sauke mutum ya taka da hannu a sama kamar da.

Hutun Kirsimeti mako uku aka ba ku, in ji Malam Jatau. Ni ban ce komai ba.

Inna ta ce kana cin abinci kuwa? Ga yaji da kuka da ɗan kilishi a cikin ledar.

Addarka,
Na'imatu


Lokpanta
2 ga Fabrairu, 2016

Adda,

Sallama da gaisuwa. Saƙo ya iso, na gode, Allah ya saka. Kilishin na raba shi kashi bakwai, ya ƙare a kwana biyu. Ina lafiya. Hutun Kirsimeti kwana goma sha tara ne, ba mako uku ba, kuma shugaban makaranta ya ba ni aikin shigar da sakamakon jarrabawa.

Lambobinki sun yi kyau ƙwarai, kuma sun faɗi komai. Duba na waya, suna hawa suna sauka, haka sabis yake. Abin da ya lalace ma haka yake yi, yau ya yi gobe ya ƙi. Amma na kwamfuta ba sa motsi. 0.12 ɗin nan kilobit ɗari da ashirin da takwas ne, lamba ce da mutum ke zaɓa ya rubuta da hannunsa. Ba lalacewa ba ce, Adda. Ɗaurewa ce.

Na zauna a bakin gado da takardarki sai abin ya dawo min. Watan Oktoban 2014, kamar mako biyu kafin ranar da 'yan bindiga suka shigo Mubi muka gudu, na zo hutu na cinye datar wata guda a kwana huɗu ina sauke littattafai da wasan ƙwallo a kwamfutar nan. Hamma Kabiru ya dawo daga shago, ya duba, bai yi faɗa ba. Ya ce, “Injiniya, zan ɗaure maka akuyar nan, ta ci iya tsawon igiyarta.” Na yi dariya, na ce ba zai iya ba, ni ne mai karatun kwamfuta. Ya ce, “Kai kana karantawa, ni ina saye.” Washegari abin ya fara ja, na ɗauka sabis ne. Ashe ya shiga saitin akwatin ya yi wa kwamfutar iyaka da sunanta, shi ya sa canza rami bai yi amfani ba. Ya kuma canza lambar sirrin shiga saitin don kada in kwance. Yau kwana ɗari huɗu da sittin da ɗaya tun da ya ce mana mu yi gaba zai ɗauko Goggo a Nassarawo ya same mu a hanyar Maiha, kuma har yanzu tsokanarsa tana aiki. Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, daga baya abin ya zama ba dariya ba.

Maganin mai sauƙi ne. A bayan akwatin, kusa da inda wuta ke shiga, akwai ɗan rami kamar na allura. Ki sa tsinken tsintsiya ki danna, ki riƙe daƙiƙa goma sha biyar, fitilun za su mutu su dawo. Zai goge duk saitin da ke ciki ya koma kamar ranar da aka saye shi. Na zana miki matakai tara na sake saita shi a takarda ta biyu, da sabon suna da sabuwar lambar sirri. Babu abin da zai lalace.

Ki gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta game da kashe shi. Ni ranar Juma'a kawai nake kira, bayan masallaci, ba sai ta bar shi a kunne dare da rana tana jirana ba. Na ji daɗi dai da na karanta hakan, ba zan ɓoye ba.

In kin yi kafin Juma'a ta sama, insha Allahu za ta gan ni sarai. Zan aske gemun, ko in bar shi ta gani ta yi faɗa.

Mu'azu


Lokpanta
8 ga Maris, 2016

Adda,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya, kuma da gaske nake tambaya.

Yau kwana talatin da biyar da takardata. Malam Jatau ya zo sau uku hannu rabbana. Na tambaye shi ko ya ba ki hannu da hannu, ya ce a ƙofar gida ya ba ki, har kin ba shi ruwa. Juma'a biyar na je shagon intanet na zauna, ba ku shigo ba. Na hau tudu na kira ki sau goma sha ɗaya, kin ɗauka sau huɗu, kullum “lafiya lau, Inna tana alwala,” ko “Inna ta shiga maƙwabta.” Inna ba ta shiga maƙwabta da la'asar, ni na sani.

Na sake karanta takardarki ta Janairu. Kin ce “ido yana nan yadda ka sani.” Ya ƙaru ne kike ɓoye min? Ko kin danna ramin abin ya ƙi dawowa kina jin nauyin faɗa? In haka ne ba laifinki ba ne, wataƙila a mataki na shida na yi kuskure, na duba na ga ban rubuta cewa harufan ƙanana ba ne. Ko wani labari aka samu game da Hamma?

Ko layi biyu ne ki rubuto. Ba na iya koyar da yaran nan yadda ya kamata, jiya na rubuta kwanan watan bara a allo.

Mu'azu


Yelwa, Mubi
15 ga Maris, 2016

Auta,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, ido bai ƙaru ba, babu labarin Hamma, mai daɗi ko marar daɗi. Ka yi haƙuri da shirun. Sau uku ina fara takarda ina yagawa.

Ban danna ba. Na ciro tsinken, na taka kujera, Inna tana kan tabarma ta ce me zan yi. Na karanta mata takardarka. Wurin akuya da igiya ta yi dariya har da tari, ta ce, “Shi ne, wallahi shi ne.” Ta sa na maimaita sau biyu. Da na zo wurin da ka ce zai goge komai ya koma sabo, ta ce in sauko. Da na zo wurin da ka ce ba sai ta jira ka ba, ta tashi ta shiga ɗaki. Kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba.

Laifina ne da ban faɗa maka tun farko ba. Ba ka nan ranar da muka dawo. Mun tarar an kwashe talabijin, janareta, katifu, har tukwane. Kwamfutar sun bar ta don tsufa, akwatin kuma yana saman kabad a bayan tsofaffin jaridu, ba su gan shi ba. Bayan mako biyu Baba Andrawus ya gyara mana wuta, na sa wa layin kati. Ina tsaye a zaure, wayata tana cikin jaka, sai ta fara ƙara ita kaɗai, saƙonni suna shigowa. Inna ta ce mene ne. Na ce, “Ta gane gida ne, Inna. Hamma ya saka mata lambar tun da, da ta zo kusa sai su gaisa da akwatin.” Sai ta ce, “To ta Kabiru ma za ta gane?” Na ce za ta gane.

Tun ranar ba a kashe shi ba. Ta ce an canza ƙofa, an canza fenti, an sare mangwaron da ke bakin hanya, rabin maƙwabta baƙi ne, ita kanta idonta ba zai shaida mutum daga nesa ba. A duk gidan nan akwatin ne kawai zai san Kabiru tun kafin ya yi sallama. Ta sa na matso da shi bakin kabad. Fuskar mutum ba ta gani, amma ɗan koren hasken nan tana ganinsa. In na tafi makaranta da wayata, ya ɗan ƙifta, sai ta ɗauki mayafi ta fita ƙofa ta duba hagu da dama. Roda matar Baba Andrawus ta ce wata rana sau huɗu ta gan ta.

Ba kai take jira da shi ba, Mu'azu. Na rasa yadda zan rubuta maka wannan shi ya sa na yi shiru. Kai ta san inda kake.

Ka san lambar wayfai ɗin ma babu wanda ya sani. Hamma da hannunsa ya saka min, yana kare allon da tafinsa don kada in gaya maka. Mai gyaran kwamfutan nan ya duba wayata ya ce ba za ta nuna ba.

Jiya Inna ta ce in tambaye ka, tunda kai ne mai ilimin, kuma tun kana yaro ba ka iya ƙarya ba. In aka danna ramin nan, wayar Kabiru za ta gane gidan ko ba za ta gane ba? Ta ce kada ka yi mata zane, kada ka yi mata lamba.

Tana son ganinka, kada ka ɗauka ba ta so. Ranar Juma'a tana sa turare ta zauna gaban kwamfutar ko ban kunna ba.

Na'imatu


Lokpanta
23 ga Maris, 2016

Adda,

Sallama. Ina lafiya. Na karanta takardarki a tsaye a gefen tirela, Malam Jatau ya ce in zauna kada shanu su ture ni.

Ki karanta wa Inna wannan yadda yake.

Inna, ba za ta gane ba. In aka danna, sunan da lambar da wayar Hamma ta sani za su tafi, kuma tunda babu wanda ya san lambar, ba mai iya mayar da ita. Na ce babu abin da zai lalace, ban faɗi daidai ba. Kada a danna. In aka bar shi yadda yake, kuma wayar tana hannunsa ba a goge ta ba, za ta gane tun daga wajen bishiyar dalbejiyar ƙofar gida. Wannan na tabbata. Sauran ban sani ba. Ki yafe min maganar jira da na yi.

Adda, wannan sakin layin naki ne ke kaɗai. Fitilar nan tana ƙiftawa ko babu wanda ya shiga. Wayar mai wucewa in tana neman sabis, ko akwatin da kansa, duk suna sa ta ƙifta. Ban san ko ya kamata ta sani ba. Na kwana uku ina tunanin ƙafarta da fitar nan sau huɗu a rana.

Na kuma yi tunanin in ce mata za ta gane, a danna, a wuce wurin. Da Juma'a mai zuwa ta gan ni. Na rubuta hakan ma, na yaga.

Amma akwai wata hanya da ba za ta taɓa akwatin ba. Akwai ɗan modem kamar yatsa da ake soka wa kwamfuta kai tsaye, da layinsa daban. Na saya, yana cikin ambulan ɗin nan a naɗe da auduga, da doguwar igiya mai mita biyar. Falo ba ya samun sabis sosai, sai Baba Andrawus ya rataye shi a taga ta gabas, can sama. Ki cire kebul daga kwamfutar kawai, akwatin ya ci gaba da zamansa. Matakai shida ne, suna baya. Na gwada shi a nan sau uku, ya ba ni 1.8, 2.0 da 1.4. Ya isa ta ga fuska har da ƙiftawar ido.

Game da zuwa, na san abin da kike nufi tun takardar Janairu. Hanyar kwana biyu ce, sai an nemi izini a rubuce, kuma an ce shingaye sun fi ashirin daga Numan zuwa gida. In mun gama a watan Oktoba sai a gani.

Mu'azu


Yelwa, Mubi
31 ga Maris, 2016

Auta,

Wa'alaikumus salam. Lafiya lau, sai zafi, rafi ya kusa ƙafewa, yara na tonon rairayi.

Na karanta mata. Da na zo sakin layina na tsallake, ta ce, “Tawadar ta sake ɓaci?” Sai na karanta. Ka daina ba ni wannan aikin, ba na iyawa.

Ɗan yatsan naka Baba Andrawus ya rataye shi, na gwada, 1.6. Yana aiki, ka ji daɗi. Amma Inna ta ce in ajiye takardar matakai in ɗauki biro. Daga nan maganarta ce, ban ƙara ba ban rage ba.

“Mu'azu, na ji amsarka, Allah ya yi maka albarka. Da ka ce za ta gane, da na san ƙarya kake, da na rasa 'ya'ya biyu.

“Maganar fitila na sani. Ni nake fita in ga babu kowa, ba sai ɗan jami'a ya gaya min ba. Ka bar ni da fitata, ƙafar ma likita ya ce in riƙa takawa.

“Abin da ka aiko na gode, amma ba zan zauna gabansa ba. Na yi ta sa turare ina gaida gilashi. Kabiru ban san hanyar da zai biyo ba, shi ya sa na bar masa wannan a buɗe. Kai hanyarka Jatau yana binta sau uku a wata da shanu arba'in, kuma shanun ba su da takardar izini. Shinge ashirin ka ƙirga. Da muka fita daga garin nan da ƙafa, kai ka goya ni a hawan dutse, nawa ka ƙirga?

“Ba hotonka nake so ba. Ina so in taɓa kanka in ji ko ka rame.”

Shi ke nan, ta ce in rufe. Ni kuma nawa ɗaya ne: an ce kuna samun hutu a watan Afrilu, kuma a wannan karon na tambayi kwanakin daidai.

Addarka,
Na'imatu


Lokpanta
7 ga Afrilu, 2016

Adda,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, ina fatan kuna lafiya.

An sa min hannu a takardar izini, kwana goma sha biyu. Zan tashi ranar Talata 12 ga wata zuwa Makurɗi, Laraba in kwana Jimeta, Alhamis in shiga motar farko. In shingaye ba su riƙe mu ba, zan iso tsakanin azahar da la'asar. Wannan takarda za ta riga ni da kwana uku ko huɗu. Kada kowa ya zo tasha.

Ba shingen ba ne, Adda, kuma ba izini ba ne. A Jimeta, lokacin da muke gidan Kawu, na dawo daga masallaci wata rana na yi sallama daga waje, sai na ji Inna ta yar da kwano ta taso da gudu. Ta zo har gabana ta kama rigata, ta ɗago fuska, sannan ta gane ni ne. Ta ce, “Au, Mu'azu, sannu,” ta koma ta tsince shinkafar. Ba ta san na ga fuskarta ba. Kowa yana cewa muryarmu ɗaya da Hamma, yanzu kuma ga gemu, ga tsawo. A allon kwamfuta aƙalla kina faɗa mata tun kafin in bayyana. Abin da na kasa shi ne in tsaya a ƙofar gidanmu in sake zama wanda ba shi ba.

To don Allah ranar Alhamis ki nemi izini a makaranta ki zauna da ita. Ki gaya mata da safe, ki sake gaya mata bayan azahar. Wannan ma ki karanta mata in kin ga dama, na daina ɓoye layi.

Zan yi sallama a hankali, in faɗi sunana tun daga zaure, sau biyu.

Ƙaninki,
Mu'azu